Hannun Alhaji Ya Riga Bakinsa

Zakiya tana tsugune a tsakar gidansu da ke unguwar Nyohini a Tamale tana yanka albasar miyar rana, sai ta ji sallamar Zubeiru daga ƙofa. Ba ta ɗaga kai ba. Ta tsayar da wuƙar, ta kasa kunne wajen mahaifinta.

Alhaji Seidu yana kishingiɗe a kujerarsa ƙarƙashin darbejiya, rediyo a kan cikinsa. Ya amsa da fara'a.

"Wa alaikumus salam! Malam Zubeiru, shigo mana, gidanku ne!"

Yana faɗa yana miƙewa. Ya taka zuwa inda motonsa, wato babur ɗinsa, yake a bakin zaure, ya murɗa kansa, ya kulle—ƙaras!—ya zare makullin ya jefa aljihu. Sannan ya juyo yana murmushi, ya miƙa wa baƙon hannu.

Tun safe moton yake wurin da makulli a jikinsa. Mai gyaran famfo ya shigo ya fita. Mai kawo gawayi ya shigo ya fita. Babu wanda aka kulle masa komai.

Zubeiru malamin lissafi ne a wata sakandare a Sagnarigu. Bafulatani ne, dogo, mara yawan magana, kuma a Tamale aka haife shi. Zakiya ma'aikaciyar jinya ce, sun haɗu lokacin da ya kawo wani ɗalibinsa da ya karye a filin ƙwallo. Alhaji da bakinsa ya ce ya yarda, iyayen yaro su kawo goro ƙarshen wata.

Zubeiru ya durƙusa ya gaida Alhaji da Mma Awawu, mahaifiyar Zakiya. An kawo masa sobolo, wato zoɓo, mai sanyi, bai taɓa ba. Jim kaɗan ya ce zai koma. Zakiya ta yafa mayafi ta bi shi waje.

"Kin ji ƙarar?" in ji shi, bai kalle ta ba.

"Na ji."

"Duk zuwan da na yi gidan nan sai na ji ta."

"Zubeiru, please..."

"Ni na saba. In na shiga yelo-yelo, keken hayan nan mai ƙafa uku, matar da ke kusa da ni sai ta rungume jakarta. In na shiga shago, yaron shago sai ya bi bayana. Na saba, ina haɗiyewa. Amma Bappana dattijo ne. Ba zan kawo shi gidan da za a kulle moto don ya yi sallama ba."

Zakiya ta ji jini ya hau mata kai. "Me kake nufi? Goron fa?"

"Babu goro ƙarshen watan nan."

"A kan makulli? Kana serious? Baba yana sonka! Kullum sai ya yabe ka a masallaci!"

"Bakinsa yana sona. Hannunsa ya san ni da wani suna."

"To ni fa? Ni na kulle? Ni za ka hukunta?"

Sai a lokacin ya dube ta, idonsa ya yi ja. "Ki yi tunani, Zakiya. Gobe in Allah ya ba mu ɗa, ya ɗauko kamannina, ya shigo gidan kakansa da gudu, ya ji ƙaras. Me za ki ce masa?"

Ya hau motonsa ya tafi, ya bar ta a tsaye tana cizon bakin mayafi.

Ta koma ciki kamar an harbo ta. Tun da ta yi wayo ba ta taɓa ɗaga wa mahaifinta murya ba, amma ranar ta tsaya a kansa.

"Baba, me ya sa kake kulle moto duk lokacin da Zubeiru ya zo?"

Alhaji ya rage rediyo. "Wane moto? Ni ban kulle komai ba."

"Makullin yana aljihunka."

Ya sa hannu ya laluba. Makullin yana nan. Ya tsura masa ido kamar wani ne ya jefa masa.

"To don na kulle motona sai me? Ba nawa ba ne?"

"Mai famfo ya zo ba ka kulle ba. Mai gawayi ya zo ba ka kulle ba. Zubeiru ya ce ba za a kawo goro ba, Baba. Ya ce ka ɗauke shi ɓarawo don shi Bafulatani ne."

Alhaji ya zabura, rediyo ya faɗi ƙasa.

"Ni? Ni Seidu? Innalillahi! Shekara talatin ina aikin samansaman a garin nan, na shiga gidan Badagombe, na shiga gidan Asante, na shiga gidan Mossi, ban taɓa bambanta kowa ba! Limamin da ya ɗaura mana aure da uwarki Bafulatani ne! Yau ni za a ce ina ƙin ƙabila? A gidana? Awawu, kina jin 'yarki?"

Samansaman shi ne sunan da ake kiran duba-gari a nan, masu zagayawa gidaje suna duba tsabta, suna ba da sammaci. Alhaji ya yi ritaya, amma har yanzu rigar kakinsa mai aljihu biyu ita ce rigar fitarsa, kuma babu abin da yake alfahari da shi kamar sunan da ya yi na mai adalci.

Mma Awawu ta goge hannunta a zani. Mace ce da ba ta gaggawar magana.

"Alhaji, kana yi."

"Ke ma?"

"Kana yi. Har wayarka kake ɗaukewa daga kan benci. Na daɗe ina gani, kunya ta hana ni faɗa. Ban ce da gangan kake yi ba. Hannunka ne yake rigan bakinka."

"Ƙarya! Sharri ne! Kun haɗa baki!" Ya nuna ƙofa da yatsa. "In haka yaron nan ya ɗauke ni, ya je ya nemi 'yar wani. Ni ba zan roƙi kowa ya auri 'yata ba!"

Zakiya ta ruga ɗaki ta faɗa kan gado. Ta yi kuka har miyar ta ƙone a kan wuta, babu wanda ya tuna da ita.

Gidan ya yi tsami. Zakiya tana gaida mahaifinta, tana kai masa abinci, amma ba ta ƙara kalma a kan gaisuwa. Zubeiru yana kira, ta ɗauka su yi faɗa, ta kashe. Ta rasa wanda ta fi jin haushi tsakanin su biyun.

Wata safiya ta kawo wa Alhaji koko da ƙose, ta tarar yana sauraren shirin da yake so, wanda mutane suke bugo waya. Wani yana ihu cewa an tare hanya jiya, kuma ba sai an tambaya ba, Fulani ne. Wani ya bugo ya ce duk a kore su. Alhaji yana ta juya kokonsa, ko a jikinsa.

Zakiya ta dire kwanon da ƙarfi. "Baba, an kama waɗanda suka tare hanyar?"

"Ba a kama ba tukuna."

"To wa ya ga fuskarsu? Kullum da wannan kake karyawa. Shekara da shekaru! Ta yaya ba zai sauka a hannunka ba?"

"Fita ki ba ni wuri, mara kunya!"

Ta fita. Shi kuwa fushin ya ƙi sauka. Ya sa rigar kakinsa, ya soke biro a aljihu, ya hau moto. Ya yi niyyar zuwa gidan Malam Tahidu, mahaifin Zubeiru wanda yake kira Bappa, ya ji dalilin da ɗansa zai ɓata masa suna.

Gidan yana can ƙarshen Sagnarigu, inda gine-gine suka fara sirancewa. Alhaji ya yi sallama ya shiga. Inna Zuwera, mahaifiyar Zubeiru, tana tsakar gida tana matse wagashi, cukun da take kaiwa kasuwa. Tana ganinsa ta amsa da fara'a.

"Maraba, maraba! Sannu da zuwa, Alhaji!"

Tana faɗa tana miƙewa. Ta fizgi faifai ta rufe randa. Ta sa ƙafa ta kifar da wani kwano mai ruwan wanke-wanke, ta tura tsintsiya ta rufe 'yar sharar da ke gefe. Duk cikin ƙiftawar ido, kuma murmushin bai bar fuskarta ba.

Alhaji ya ji kamar an watsa masa ruwan zafi.

"Hajiya, me ke nan? Sammaci na kawo miki? Na zo gidanki a matsayin uban Zakiya, kina rufe mini randa kamar na zo neman tsutsa!"

"Ni? Ban rufe komai ba, Alhaji."

"Ga hannunki nan a kai!"

Ta sunkuya ta duba. Hannunta yana kan faifan. Ta janye shi da sauri, ta ja mayafi ta rufe baki.

Daga ƙarƙashin rumfa wani tsoho siriri ya fashe da dariya har da tari. Malam Tahidu ne.

"Alhaji, zo ka zauna, kada ka ci mini mata da faɗa. Ba kai ta gani ba, rigarka ta gani. Lokacin da muke ruga a bayan gari, in ka hango kaki, to ko sammaci ne ko an zo cewa mu tashi. Yau shekara ashirin babu wanda ya tashe mu. Ita ta sani, ni na sani. Hannunta ne bai ji labari ba."

Alhaji ya zauna a kan tabarma. Duk jawabin da ya shiryo a hanya ya bi iska. *Ban rufe komai ba.* Haka shi ma ya ce, da irin wannan muryar, kuma shi ma ya yi imani gaskiya yake faɗa. Ga shi yanzu ya ɗanɗana yadda abin yake, a yanke maka hukunci kafin ka gama sallama, kuma a yi maka murmushi a kai.

Aka kawo masa nono ya sha. Bai tayar da maganar da ta kawo shi ba. Da zai tafi ya tarar da Zubeiru a ƙofa ya dawo daga makaranta.

"Malam Zubeiru," in ji shi, muryarsa a daƙile, "wallahi ban san ina yi ba. Ka yi haƙuri."

Zubeiru ya durƙusa, amma fuskarsa ba ta saki ba. "Na yarda ba ka sani ba, Baba. Shi ya sa abin ya fi ciwo. Wanda ya sani yana iya bari. Wanda bai sani ba fa?"

"Yanzu ai na sani. An gama. Ka zo gida ranar Asabar."

Zubeiru ya zo ranar Asabar. Zakiya ta yi kwalliya, ta dafa waakye, wato shinkafa da wake, da hannunta, zuciyarta kamar ta fito. Alhaji ya kwana yana gaya wa kansa ba zai motsa ba. Aka yi sallama. Ya amsa. Sai kawai ya tsinci kansa a tsaye, ya yi taku biyu wajen zaure. Ya tsaya cak. Kowa ya gani.

Zubeiru ya juya ya fita ba tare da ya zauna ba.

"Baba!" Zakiya ta ƙwala ƙara, ta jefar da ludayin da ke hannunta. "Ka kashe ni! Ka kashe ni, ka huta!"

Alhaji bai yi mata tsawa ba. Ya koma ya zauna yana kallon hannuwansa da tsana, kamar na maƙiyi. Ya buga su a kan gwiwa.

"Wane irin abu ne wannan? Na sani, na tuba, na yi niyya, kuma jikina ya ƙi bina? Awawu, asiri aka yi mini?"

"Babu asiri," in ji Mma Awawu. "Abin da aka daɗe ana zuba maka ne. Tulun da ya shekara da man ja, ba a wanke shi da ruwa ɗaya. Kai Bafulatani nawa ka sani? Ban ce wanda ka gaisa da shi ba. Wanda ka san abin da ke ba shi dariya."

Alhaji ya shiga ƙirgawa da yatsu, bai samu ko ɗaya ba. Ko limamin da yake kafa hujja da shi, bai taɓa sanin sunan unguwarsa ba.

A waje kuwa, Zakiya ta tare moton Zubeiru da jikinta.

"In ka tafi yau, kada ka dawo! Ba ka ga ya tsaya ba? Tsoho mai furfura yana kokawa da jikinsa saboda kai, kai kuma ko zama ba za ka iya ba? Kai ma kana da naka, Malam! Kafin ka shigo ka riga ka yanke cewa zai yi!"

Ya saki kan moton. Ya sauke numfashi.

"Na ga ya tsaya," in ji shi. "Sorry. Zan jira, Zakiya. Ba zan nemi wata ba, ba na ma iyawa. Amma ba zan kawo Bappa ba sai abin ya bar hannunsa."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Ta share hawaye da bayan hannu. "To mu jira. Amma ka riƙa zuwa. Ba zai saba da wanda ba ya gani ba."

Alhaji Seidu mutum ne mai taurin kai, kuma wannan karon ya juya taurin kan a kan kansa. Ya daina kunna shirin safe. Duk Asabar sai ya hau moto ya tafi Sagnarigu. Da farko zaman ya yi nauyi, gaisuwa ce a kan gaisuwa. Sai ya gano Malam Tahidu yana buga dame, wasan allo da 'ya'ya da tsofaffi ke yi a gindin bishiya, kuma yana satar ɗa in an juya ido.

"Tahidu, mayar da shi! Na gan ka!"

"Wa ya gani? Samansaman ya tsufa, ido ya mutu!"

"Tsohon banza! Wallahi sai na ba ka sammaci!"

A hankali ya san gidan. Ya san ƙanin Zubeiru mai son barci da ba a iya tashinsa sallar asuba. Ya san wata gwaggo mai rowar sukari. Ya san maƙwabcinsu Fataw, direban tifa, mai ƙarya kamar ruwan sama, da wani ɗan uwansu da ya haddace Alƙur'ani amma yake tsoron kaza. Ya je suna, ya je jana'iza, ya ɗauki makara tare da su. Da can in an ce Fulani, hoto ɗaya ne yake faɗo masa, mutum da sanda a bakin daji. Yanzu in an faɗa sai fuskoki su yi masa yawa, ya rasa wanda zai ɗauka.

Bai warke rana ɗaya ba. Akwai ranar da ya dawo daga kasuwa ya ji ana labarin wani fashi, da yamma Zubeiru ya zo, sai Mma Awawu ta ga kafaɗarsa ta motsa. Ta yi gyaran murya. Ya harare ta, ya koma ya jingina. Inna Zuwera ma sai da damina ta yi nisa kafin ta daina neman faifai in ya yi sallama. Zakiya ta rame. Ƙawayenta biyu suka yi aure a gabanta, ana ta tambayarta ina nata ya tsaya. Takan yi kuka, takan yi faɗa da Zubeiru a waya, amma ba ta ce ta fasa ba, shi ma bai daina zuwa ba.

Bayan an girbe masara, Zubeiru da kansa ya ce Bappansa yana neman rana.

Ranar kawo goro gidan Alhaji ya cika da 'yan uwa. Cikinsu har da ƙaninsa Majeed, ɗan kasuwa daga Kalpohin, mai son ba da dariya a taro. Ana jin motar baƙi ta tsaya, dattawan Fulani suka fara shigowa da rawunansu, Malam Tahidu a gaba. Majeed ya juya wajen matasa, ya ce da muryar da kowa zai ji:

"Kai, ku kwashe takalman mutane ku kai ɗaki. Kun ga dai irin baƙin da muka yi!"

Wasu suka fara dariya. Ba su ƙarasa ba. Alhaji Seidu ya riga ya tsallake tabarma, ya cafki wuyan rigar ƙaninsa.

"Wa kake nufi? Tahidu? Tahidun da muke ci a kwano ɗaya? Nuna mini ɓarawon a cikinsu! Nuna shi da yatsa, ka faɗi sunansa!"

"Yaya, wasa nake..."

"Wasan uwaka! Ka san sunan ko mutum ɗaya a nan? Ko ka ba su haƙuri yanzu, ko ka bar mini gida!"

Majeed ya sunkuyar da kai, ya je gaban dattawan ya durƙusa yana gumi. Malam Tahidu ya dafa kafaɗarsa.

"Tashi, ɗan uwa. Ka zo Asabar mu buga dame. Haka muka yi wa yayanka magani."

Dariya ta ɓarke, wannan karon har da baƙin. Aka zauna, aka miƙa goro, aka yi fatiha, aka sa ranar aure. Zubeiru yana waje kamar yadda al'ada ta ce, amma ya ji komai ta taga. Zakiya ta leƙo daga ɗakin mahaifiyarta, suka haɗa ido. Ya sa gefen hula yana goge fuska, yana yi kamar gumi ne.

Da baƙi suka watse, Mma Awawu ta kawo wa mijinta ruwa. Har yanzu yana huci.

"Alhaji, da ka ja shi gefe ai. Ƙaninka ne, a gaban jama'a. Ka yi tunani kuwa kafin ka tashi?"

Ya karɓi kofin ya dube ta. "Tunani? Ina na samu lokacin tunani? Ni dai na gan ni a tsaye."

Mma Awawu ta yi murmushi ta kwashe kwanuka.

Kowannenmu yana ɗauke da wani hukunci da bai zauna ya yanke ba. An zuba masa shi ne tun yana ƙarami, a hira, a rediyo, a barkwancin manya. Musu ba ya fitar da shi, rantsuwa ma ba ta fitar da shi. Sai mutum ya yarda a nuna masa, ya toshe inda abin yake shigowa, ya je ya zauna da mutanen har su zama masu suna a wurinsa. Aiki ne mai cin lokaci, kuma yana buƙatar wanda zai jira. Zakiya da Zubeiru sun jira cikin fushi da hawaye, Allah bai tozarta haƙurinsu ba. An ɗaura aurensu bayan Sallah, kuma a wurin walima, wanda ya fi kowa yawo da tire yana tambayar dattawan Fulani sunayensu ɗaya bayan ɗaya, Majeed ne.